Zanen Tafiyar Buhun Wake Daga Tozai Zuwa Kasuwa

Kafin buhun wake ya bar Tozai a ƙaramar hukumar Isa ya isa kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, hannuwa da yawa ke taɓa shi. Manomi ya fyaɗe ya sheƙe, mai awo ya auna, a ɗinke buhu, 'yan dako su loda, ɗan kamasho ya samo mota, dillali ya tsaya a kan ciniki ya cire la'adarsa. Daga nan kuɗi su juyo gida, sau da yawa ta wata hanya daban da wadda kaya suka bi. Kowane ɗayansu gwani ne a gaɓarsa, amma da wuya ka sami wanda ya riƙe tafiyar gaba ɗaya a kansa. Shi ya sa idan kuɗi suka zo ba su cika ba, sai zargi ya tashi, kowa na nuna na kusa da shi.

Akwai ilimin da aka gina domin irin wannan matsala, wato zana yadda aiki ke gudana a kan takarda. A 1921 wasu injiniyoyi a Amurka, Frank Gilbreth da matarsa Lillian, suka gabatar wa ƙungiyar injiniyoyin ƙasar tsarin zana matakan aiki domin a gano inda ake ɓata lokaci. Yau bankuna da manyan kamfanoni na amfani da ƙa'idar BPMN, wadda ta fito a 2004, aka sabunta ta a 2011. A kwamfuta suke yin nasu, amma alamomin ba su fi ƙarfin biro da littafin makaranta ba. Da'ira ita ce farko da ƙarshe, akwati aiki ne guda, kibiya na nuna abin da ke biye. Sai alama mai kusurwa huɗu da ke tsaye a kan tsininta, wadda ake sawa a inda hanya ta rabu biyu: in haka ta faru a bi nan, in ba ta faru ba a bi can. Ana kuma raba takardar kamar kunyoyin gona, kowa da tasa, ta manomi daban, ta direba daban, ta dillali daban.

Ƙungiyar manoma da za ta zauna ta yi wannan zane, abin da ya kamata ta zuba wa ido shi ne duk inda kibiya ta tsallaka daga wani zuwa wani. A nan ake mantuwa, a nan awo ke raguwa, a nan buhu ke kwana a tasha babu mai alhakinsa. Sai a tambaya: wa ya ƙirga? A gaban wa? An rubuta?

Amma a ƙasar Gobir, inda Isa take, alamar rabuwar hanya ta fi kowace muhimmanci. A Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara da ƙananan hukumomi 14 na Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni, kasuwannin mako-mako na Zamfara kuma suna rufe. Wanda cinikinsa ya dogara da kiran dillali da turansifa ya tsaya cik. A farkon 2023 lamarin ya juye: sabis akwai, takardun naira ne suka ɓace saboda sauyin kuɗi, manomi kuwa tsaba yake so. A Agustan shekarar aka rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulki, masu kai kaya wajen Maraɗi suka rasa hanya. Zane mai amfani a wannan yanki shi ne wanda ya tanadi amsa tun kafin ranar ta zo: in babu sabis wa za a aika, in an rufe Shinkafi ina za a nufa, in babu tsaba wane mai POS aka amince da shi.

Zane ba ya kore 'yan bindiga daga hanya, ba ya sauke harajin da suke ɗora wa ƙauyuka kafin a yi noma ko girbi. Kuma wanda aka zana a ofis, ba tare da 'yan dako da matan da ke sheƙar waken ba, aikin da ake fata zai nuna, ba wanda ake yi ba. Sannan takardar da ta bayyana ranar tashin mota da mutumin da ke ɗauko kuɗi abu ne mai haɗari a Isa da Sabon Birni. Kada a liƙa ta a bango, kada a tura hotonta a WhatsApp. A rubuta matsayi kawai, direba ko ma'aji, a bar sunaye da ranaku a bakin shugabannin ƙungiya.