Ina Ƙwaryarmu Ta Shiga?

 Yau da zancen girki na yi niyyar kawo muku, amma na je buki a Gumel, na dawo da wata magana wadda ta tsaya mini a rai.

Ran wuni, tun da azahar aka kawo waɗansu tsofaffi uku masu kiɗan ƙwarya. Suka kife babbar a cikin ruwa, suka jera ƙananan, suka soma. Ba su gama waƙa ta biyu ba sai ga wani saurayi da manyan akwatunan lasifika, irin wanda yara ke kira dije. Da ya murɗa abinsa, ko maganar ta kusa da ke ba kya ji. Tsofaffin nan suka zubar da ruwan, suka haɗa ƙoransu, suka koma gindin bango suna cin goro. Ba wadda ta kore su, ba kuwa wadda ta lura sun daina.

Kada ku ce ga mai kushe zamani ta zo. Ni ma na taka rawa ran nan, gama waƙoƙin su Umar M. Shareef da Fati Nijar da Ado Gwanja suna da daɗin ji, wadda ta ce ba su da shi ta faɗi son ranta. Kun tuna shekarar 2020, lokacin kullen korona, sa'ad da Hamisu Breaker ya fitar da "Jaruma"? Matan aure suka yi ta ɗaukar hoton kansu suna rawarta suna sakawa a waya, malamai suka yi ta faɗa. To, a ganina kalmomi masu nauyi ba yau aka fara su ba. Marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, bakinta ba ya tsoron kowa, ta yi wa kishiya habaici, ta yi wa macen da ba ta da sana'a tatas. Bambancin shi ne, a gidajenmu irin wannan waƙa a tsakar gida ake yinta, mata da mata, in an tashi ta tashi. Ta waya kuwa ba ta da zaure, ba ta da labule.

Dā can abin saurare ɗaya ne a gida. Aka yi garmaho, sa'an nan rediyo, musamman bayan da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962. Maigida ya kunna, kowa ya ji Shata, ko Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa, ko maƙwabcinmu Haruna Uji na Haɗeja da gurminsa. Daga baya kaset ya zo, bayansa memori, wanda ake kai wa masu tura waƙa a kasuwa su cika. Yanzu yarinya tana wanke-wanke, igiya a kunnuwanta, uwa tana kira ba ta ji, ba ta kuwa san abin da ake zuba wa 'yarta a kunne ba.

Amma duk wannan ba shi ne ya fi damuna ba. Abin da ya dame ni shi ne mun zama masu saurare kawai. Kakanninmu a Gagarawa da Sule Tankarkar ba su jiran mawaƙi. Mai niƙa tana da waƙarta a bakin dutse, a nan take amayar da ɓacin ranta ba tare da ta kama sunan kowa ba. Masu daka su yi lugude, taɓarya uku a turmi ɗaya, ba wadda ke karo da wata. In za a kai amarya a taru a yi daɓen ɗakinta da waƙa, in wata ya yi haske 'yan mata su fita gaɗa, a ɗaka kuwa ga shantu. Injin niƙa ya zo ya hutar da mu, mun gode Allah, amma ya tafi da waƙar niƙa. Siminti ya tafi da ta daɓe. Watau aikin ne ke riƙe da waƙar, da aka ɗauke shi sai ta rasa wurin zama. Buki kaɗai ya rage mata, ga shi nan ma lasifika ta ture ta.

Yanzu bari in kai ku arewa kaɗan. Duk wadda ta taɓa zuwa Maigatari ran Alhamis ta san yadda mutanen Nijar ke cika kasuwa da shanu da raƙuma. Daga can ƙasar ne wani kiɗan jita na Buzaye ke fitowa, mai lantarki, mai ƙara. Turawa suna lissafa shi cikin abin da suke kira rok, kiɗan da ya tashi a Amurka wajen shekarun 1950. Akwai Bombino na Agadas, akwai kuma Mdou Moctar, bahago, wanda ya haɗa jitarsa ta fari da wayar birkin keke. Abin mamaki, faifansa na farko a Sakkwato ya yi shi a 2008, da irin sautin waƙoƙin finafinan Hausa, ya bazu daga waya zuwa waya. Na baya-bayan nan, irin wanda ya fitar a 2024, kukan zalunci ne da yadda ake kwashe arzikin ƙasarsu. Gaskiya ni ƙarar ta yi mini yawa, kaina ke ciwo, amma samari suna so.

Waɗanda suka kama mini zuciya su ne 'yan matan wani ƙauye, Illighadad, wajen Abalak cikin jihar Tawa. Shugabarsu, Fatou Seidi Ghali, da jitar yayanta ta koya wa kanta kiɗa. Kun san da me suke raka jitar? Da turmi wanda aka ɗaure wa fata a baki, suna kiransa tende, da tafi, da ƙwarya kife cikin ruwa! Ƙwaryar nan dai da na ga an zubar wa ruwa a Gumel. Da ita suka zaga ƙasashen Turai, har a birnin Niyok aka ɗauki wasansu a 2019, mutane suna biyan kuɗi su shiga su ji. Ba su jefar da waƙar iyayensu mata don sun sami jita ba, ɗora ta suka yi a kai.

Saboda haka ga roƙona. Uwar buki, in kin ɗauko mai lasifika, ki yanka masa lokaci, ki ce daga la'asar zuwa magariba na masu ƙwarya ne, ki kuma yi musu liƙi kamar yadda kike yi masa. Ke kuwa 'yar makaranta, wayar nan da ke hannunki tana ɗaukar murya. In an yi hutu ki zauna kusa da kakarki, ki lallaɓe ta ta rera miki waƙar niƙa ko ta daɓe, ki ɗauka, ki rubuta a littafi da sunan garinku, sa'an nan ki koya da bakinki. Za ta yi ta ja, ta ce ta manta, ta ce ta tuba. Ki kawo mata goro ki jira.

Wadda ta samu ta aiko wa Edita, da sunan wannan fili. Waƙar ƙauyen da ta fara isowa ita za mu fara bugawa, in Allah ya yarda.