Tafarnuwa Da Karnukan Tsaro: Faɗakarwa Ga Mutanen Mafara, Bakura Da Maradun

Ya ku malamai da fatake, ku sani tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, noman rani ya yalwata a ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun, albasa ta wadata, tafarnuwa kuwa ba ta yankewa a kasuwar Talata. Ga mutum alheri ce. Ga kare akwai magana.

Malamanmu na mazhabar Imamu Malik sun halatta ajiye kare domin farauta da kiwo da tsaron shuka, har an ruwaito Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, mai Risala, ya ajiye kare don tsaron gidansa. To, wanda shari'a ta yarje a ajiye, ciyar da shi ya zama hakki a wuyan mai shi.

Waɗansu mafarauta sukan daka tafarnuwa su cuɗa da tuwo, wai tana kashe tsutsar ciki, tana korar kaska. Likitocin dabbobi ba su tabbatar da wannan ba. Abin da suka tabbatar shi ne, tafarnuwa da albasa suna da wani sinadari mai lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, dafuwa ba ta kashe shi, shanya ma haka, garin busasshiya ya fi ɗanya ƙarfi. A shekarar 2000 masana a Jami'ar Hokkaido ta Japan sun ba karnuka ruwan tafarnuwa, gwargwadon giram 5 ga kowane kilo na nauyinsu, kwana 7, suka ga ɓarnar a cikin jini. Lalle wannan awo da yawa ne, lasar miya sau ɗaya ba ta kai nan ba. Amma kaɗan-kaɗan kullum taruwa yake yi, ƙaramin kwikwiyo kuwa ba shi da jinin da zai yi asara.

Wahalar ita ce cutar ba ta bayyana nan take, sai bayan kwanaki: kasala, haki, dasashi ya yi fari, fitsari ya yi ja ko baƙi-baƙi. Mai shi ya manta da abin da ya ba shi, sai ya ce sammu ne, ya zargi maƙwabci a banza. In an ga haka a gaggauta kai shi asibitin dabbobi, a faɗi abin da ya ci.

Mai son kyautata wa karensa ya ba shi dafaffen nama maras yaji, ko ƙwai dafaffe, ko tuwo ba miya. Ragowar tsire da kilishi a bar wa yara, domin yajinsu ba ya rasa tafarnuwa. Dafaffen ƙashin kaza ma a guje shi, yakan tsage ya soki hanji.

Ku kuma dillalan albasa, kada ku zubar da ruɓaɓɓiya inda shanu ke kiwo, su ma tana ci musu jini, fiye da tumaki da awaki.