Nau'o'in Keke da Hanyoyin da Suka Dace da Su a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Hausawa na kiran wannan abin hawa keke ko basukur ko laulawa, amma sunayen ba su bambance nau'o'insa ba. Alhali kuwa kowane nau'i an ƙera shi ne domin wata irin hanya da wani irin aiki. Wannan maƙala ta dubi nau'o'i uku ta fuskar yanayin ƙasar Hausa, inda ake da kwalta da burji da rairayi.

2.0 Keken Dako

Shi ne nau'in da ya fi daɗewa a hannun manomi da ɗan kasuwa, kamar Raleigh na Ingila da Phoenix na ƙasar Sin. Gangar jikinsa ƙarfe ce mai nauyi, tayarsa inci 28, giyarsa ɗaya, birkinsa kuma na sandar ƙarfe ne. Girman tayar kan rage jijjiga a hanyar burji, kariyarsa kuma na ɗaukar buhun hatsi ko jarkokin ruwa. Babbar fa'idarsa ita ce sauƙin gyara: idan ya karye mai walda zai haɗa shi, idan ƙaya ta huda tayar mai faci zai liƙe ta a kasuwar ƙauye. Rauninsa yana bayyana ne a hawan tudu, inda tilas mahayi ya sauka ya tura.

3.0 Keken Tsere

Wannan ba shi da nauyi, tayarsa siririya ce mai iska sosai, ƙahonsa kuma a lanƙwashe yake domin mahayi ya sunkuya ya rage karo da iska. Irinsa ake hawa a gasar Tour de France da aka fara a 1903. A kan kwalta mai santsi ya fi kowane gudu, amma da ya shiga rairayi sai tayar ta nutse, ramuka kuma su lanƙwasa masa rim.

4.0 Keken Duwatsu

An ɓullo da shi a jihar Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1970. Tayarsa mai faɗi ce da ƙuraje, tana baza nauyin mahayi a kan ƙasa, don haka ba ta saurin nutsewa a jigawa ko taɓon damina. Giyoyinsa masu yawa na sauƙaƙa hawan tudu. Sai dai na'urar sauya giyar ba ta jure ƙura, kayan gyaranta kuma ba kasafai ake samun su a ƙauye ba.

5.0 Kammalawa

Abin da ke tantance dacewar keke shi ne hanya da kaya da kusancin mai gyara. Manomin da ya sayi keken tsere don sha'awa ya yi asarar kuɗinsa. Wannan ne ya sa keken dako bai gushe ba a karkara, duk da shigowar sababbin nau'o'i.