Ciwon mahaifa da ake yawan ɗauka ƙari ne

Idan mace mai shekara 40 zuwa 50, wadda ta yi haihuwa da yawa, ta fara zubar da jinin al'ada fiye da ƙima, har da gudaji, ga ciwon mara mai tsanani, akan yi saurin cewa ƙarin mahaifa ne. Amma akwai cutar da likitoci ke kira adenomayosis, inda shimfiɗar cikin mahaifa, wadda ke zubewa duk wata, ke kutsawa cikin tsokar bangonta. Sai mahaifar ta kumbura gaba ɗayanta, saɓanin ƙari da ke dunƙulewa wuri guda. Wani lokaci ma sukan haɗu a mace ɗaya.

Wahalar tana wajen ganewa. Hoton da ake ɗauka ta saman ciki yakan kasa nuna ta. Wanda ake yi ta gaban mace, ko na MRI, ya fi inganci. Cikakken tabbaci kuwa sai an cire mahaifar an duba namanta a ɗakin gwaji. Ga matan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, irin wannan bincike yakan kai su asibitin koyarwa na Katsina ko na Shika, Zariya.

Ba kowace mai cutar ce ke buƙatar tiyata ba: akwai magungunan da ke rage jinin, kuma ciwon yakan lafa bayan ɗaukewar al'ada.