Yadda Ake Sake wa Keken Zaren Kabon Fenti

Mai gyaran keke da ya saba da keken ƙarfe, irin su Raleigh da Phoenix, ba ya shayin tsohon fenti. In ya ga dama ya babbake shi da wuta, ko ya shafa masa sinadari mai ƙarfi, ko ya murje shi da burushin waya, ƙarfen da ke ƙarƙashi bai ma san ana yi ba. Kekunan tsere na zamani kuwa, waɗanda ake ƙera firam ɗinsu da zaren kabon, kowace ɗaya daga cikin hanyoyin nan tana iya kashe su murus.

Dalili yana cikin yadda aka gina firam ɗin. Zaren kabon siriri ne ƙwarai, kaurinsa maikuromita 5 zuwa 10, wato gashin kan mutum ya ninka shi kusan sau goma. Ana samun sa ta hanyar gasa wani zaren roba mai suna PAN a tanderun da babu iskar oksijin, da zafin da ya haura digiri 1,000 na ma'aunin santigiret, har ya rage kusan kabon zalla. Wani masanin Japan, Akio Shindo, shi ya gano wannan hanya wajen shekarar 1960, kuma a 1986 Greg LeMond na Amurka ya lashe gasar Tour de France a kan keke mai bututun kabon. Zaren yana da wuyar tsinkewa idan an ja shi, amma shi kaɗai ba ya tsayuwa. Saboda haka ake jiƙa shi da wani irin ƙaro da ake kira efoksi, a shimfiɗa shi falle-falle, zaren kowane falle ya fuskanci wata nahiya daban, sa'an nan a gasa. A wasu wurare kaurin bangon bututun bai kai milimita 1 ba.

To, fenti da efoksi 'yan uwan juna ne, dukansu dangin roba. Sinadarin da zai narkar da fenti, musamman mai ɗauke da metilin kuloraid, ba zai tsaya a kan iyaka ba, zai ratsa ya ci ƙaron da ke riƙe da zaren. (Wannan sinadari ma Amurka ta hana sayar wa jama'a shi don cire fenti a 2019, saboda rayukan da shaƙarsa ta halaka.) Zafi shi ma haka: efoksin kekuna yakan fara laushi tun wajen digiri 120, alhali na'urar hura zafi tana wuce 300, fentin gari da ake gasawa a jikin ƙarfe kuma yana bukatar 180 zuwa 200. Feshin yashi kuwa yakan yayyanka zaren. Abin tsoron shi ne, firam ɗin da aka yi wa irin wannan illa yakan fito sumul, sai ranar da mahayi ke gangarowa a guje ya karye ba tare da ya fara lanƙwasa ba, kamar yadda ƙarfe kan yi.

Hanyar da ta rage ita ce samfefa da hannu da haƙuri. Akan kwance duk kayan keken, a wanke firam, a fara da samfefa mai lamba 240 ko 320, ana jiƙa ta da ruwa. Ruwan yana hana ƙura tashi, domin ƙurar kabon tana cutar da huhu da fata, tana kuma ɗaukar wutar lantarki, har takan lalata na'urar da ta shiga. Launin ruwan da ke zuba shi ne jagoran mai aiki. Da farko fari-fari zai fito, na rufin sama mai sheƙi, sai launin fentin, sai na shimfiɗar ƙasa. Da zarar ya fara yin baƙi, an taɓa zare ke nan, sai a ɗaga hannu. Gwanaye da yawa ma sukan tsaya a shimfiɗar ƙasa idan tana da lafiya, kuma wannan ita ce dabarar da ta fi. Gefuna da kusurwoyi su ne suka fi saurin cinyewa.

Kafin a sa sabon fenti akan duba ko akwai tsaga. Akan ƙwanƙwasa bututun da kwabo: inda ke da lafiya yakan yi ƙara tas, inda fallayen suka rabu kuwa sautin yakan dusashe. Ƙwararru suna amfani da na'urar sauti irin ta hoton ciki.

Daga nan sai a goge maiƙo, a fesa shimfiɗa, a lallaɓa ta da samfefa 600, a sa launi, a rufe da fenti garai-garai na foliyuretan mai haɗi biyu. Tururin wannan yana da guba, tilas a sa takunkumi mai matata. Ko wanda yake son barin saƙar kabon a fili don kyanta ba zai tsallake wannan rufi ba, domin hasken ultrabayolet na rana yana cin efoksi sannu a hankali, ya mai da shi rawaya, har ya riƙa marmashewa.