Ko ka sani? Akwai robar da ke ɗauke da abin da zai cinye ta

Furotin ba ya shiri da zafi. Farin ƙwai ma furotin ne, kuma da zarar ya ji wuta ya daskare, ba ya komawa yadda yake. Wannan ce matsalar da ta daɗe tana ci wa masana tuwo a ƙwarya wajen cusa enzayim a cikin roba. Enzayim furotin ne mai sassara abu ya mai da shi ƙananan ƙwayoyi, shi kuwa injin da ke narka roba yawanci sai zafinsa ya haura digiri 150 kafin ya yi aiki. Ka zuba enzayim a ciki, ka dafa shi ke nan.

A shekarar 2021, ayarin Farfesa Ting Xu na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili ya ɓullo wa lamarin ta hanyar naɗe kowane enzayim da wani siririn mayafi na sinadari kafin a gauraya shi da roba. Muddin robar tana bushe, enzayim ɗin barci yake yi. Sai an jefa ta cikin taki mai ɗumi da laima yake farkawa, ya kama zaren robar daga baki ya riƙa ci, har kusan kashi 98 cikin ɗari ya narke cikin 'yan makonni.

Faransawa kuwa wata hanyar suka bi. A 2024, kamfanin Carbios da masana na birnin Tulus sun sanar da enzayim da suka gyara masa halitta har yake jure digiri 170. Dabarar ita ce, sukan fara cuɗa shi da wata roba mai saurin narkewa a digiri 70, sannan su zuba haɗin cikin PLA, robar da ake yi da masara ko rake. Ɗan kaɗan ake sawa, kashi 0.02 cikin ɗari kacal, amma ya isa robar ta ruɓe a jujin takin gida cikin makonni 20 zuwa 24. Da can sai an kai PLA masana'antar taki mai zafin gaske take ruɓewa da wuri.

Kada dai murna ta yi yawa. Ledar fiyawata da baƙar ledar da ke toshe mana magudanan ruwa da foliyetilin ake yin su, kuma waɗannan enzayim ɗin ba sa iya taɓa shi. Su kam har yanzu sai an tsince su da hannu.