Ko Kun Sani? Gumel Ba Ta Karɓi Tutar Shehu Ba

Sarakunan Gumel Mangawa ne, dangin Barebari. Lokacin jihadin Shehu na 1804, Kano da Haɗeja sun faɗa hannun Fulani, amma Gumel ta tsaya da ƙafarta, tana kai gaisuwa Barno. Saboda haka ta yi kusan ƙarni guda a tsakanin maƙwabta masu ƙarfi, Haɗeja na kawo mata hari, Damagaram ma haka, har Turawa suka iso a 1903.

Iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta raba dangi, sai dai ta yi wa garin Maigatari da ke bakin iyaka a ƙasar Gumel rana. Duk Alhamis shanu da raƙuman Nijar ke cika kasuwarta, manyan motoci na kwasar dabbobi zuwa Kudu.